Keken da Bai Taɓa Fita Daga Ɗaki Ba

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Gaisuwa daga Bungudu, da fatan aiki lafiya.

Gonata da nisa, ƙafa ta gaji, sai na ga talla a waya: "Keke na hannu, a Gusau." Ba hoto. Na kira, wata Hajiya ta ɗauka.

Na ce, "Hajiya, yana gudu?" Ta ce, "In ƙafarka na da ƙarfi, sai ka ce ya isa." Na ce, "Ya sha hanya?" Ta ce, "Wallahi bai taɓa fita daga ɗakina ba." Na taya, ta sallama, muka yi Allah ya sa albarka.

Na shiga mota, ina shirin in hawo abina in dawo. Da na isa gidanta aka yaye zanen da aka rufe shi da shi, sai ga keken ɗinki! Na nemi a fasa, ta ce, "Malam, wace ƙarya na yi maka?" Na duba, babu ko ɗaya.

Yanzu maiɗakina ta riƙe shi gam, ni kuwa ina nan ina takawa gona, sai dai wandona ya samu faci.

Jama'a, a ba ni shawara. Masu talla kuma, don girman Allah ku riƙa faɗin taya nawa ne da keken.