Dokin Ƙofar da Ruwa Ya Shanye

A wani shagon kyamarori a birnin Trondheim, tsoho Eilif ya daɗe yana jujjuya kyamara biyu a hannu, har wata mata da ke bayansa a layi ta gaji da jira.

"Baba, ɗauki ƙaramar mana. Hotonta ya fi kyau, ga ta da shiga aljihu. Waccan ai ta masu ninƙaya ce."

"Wa ya ce miki ban iya ruwa ba?"

"Da sandar taka?"

Eilif ya yi dariya. "Ba shiga zan yi ba, 'yata, hannu kawai zan tsoma daga kwalekwale. Gidan da aka haife ni yana ƙarƙashin tafki tun da aka yi dam a kwarinmu. Bana ruwa ya ja baya, an ce ana hango dutsen dokin ƙofarmu."

"Dutse kawai?"

"A kansa mahaifiyata take zama tana fere dankali, tana ƙwala mana kira mu koro awaki. Ranar tashi ta roƙa a ɗauko shi, direban motar kayanmu ya ce ya yi nauyi."

"Wane kwari ne?"

Ya faɗa mata.

"Babana ya yi shekara huɗu yana zuba kankare a dam ɗin nan. Har ya rasu yana alfahari da shi. Bai taɓa ce mana akwai gidaje ba."

"Goma sha ɗaya ne. Amma kada ki damu, da wutar dam ɗin nake dafa kofi."

Ta karɓi ƙaramar daga hannunsa, ta mayar wa mai shago.

"Ɗauki ta ruwan, Baba. In ka yarda, ni zan tuƙa maka kwalekwalen."