Hawainiya a Ƙirjin Riga

A bencin jira na shagon buga tambari, wani matashin tela ya shimfiɗa sabuwar riga a cinyarsa yana ta shafa ƙirjinta. Dattijuwar da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗan nan, ƙadangare ne wannan?"

"Hawainiya ce, Mama. Tambarin kayana ke nan. Yau za a buga min shi a duk rigunan da na ɗinka."

"Duk dabbobin duniya ka rasa ta ɗauka sai ita?"

"Ai ma'ana gare ta. Matashi ba ya tsayawa a launi ɗaya. Duk inda ya shiga, ya dace da wurin."

"Ni kuwa in na ga hawainiya a riga, cewa zan yi mai ita ya faɗi gaskiya: wanki ɗaya, ta rikiɗe."

Murmushinsa ya ragu. Bai taɓa kallon abin ta nan ba.

"Haba Mama, yadina ba ya zuba."

"Ko kaɗan?"

Ya sosa ƙeya. "To, jan ne kawai yake ɗan saki a wankin farko."

Ta janye bakin farin mayafinta daga jikin rigar.

"Ka gani? Tambarin ya fi ka gaskiya. Kar ka canza shi, yadin za ka canza."

"Ke nan za ki saya wa jikokinki?"

"Zan saya. Amma kafin ka gyara jan nan, hawainiyarka ta kiyayi bokitin wankina."