Kaset ɗin jana'izar matata ya ƙi yi a Amurka

Malam mai gabatarwa, ina gaisuwa. Ni ne Baba Yashim, tsohon leburan reluwe a Kafanchan. Katikis ɗinmu ke rubuta mini.

Bara muka binne matata. A bakin kabari na jera sunayen kakanninmu, aka ɗauka a bidiyo, na aika wa ɗana a Amurka. Ya ce hoton sai zane-zane, muryata kuma kamar ta jariri. Mai gyara ya ce tsarin talabijin ɗinsu daban da namu.

Katikis ya ce a rubuta sunayen a takarda. Na ƙi, da baki ake karɓarsu. Ni kaɗai na rage da su, ƙarfi kuma yana tafiya. Jama'a, ina ake juya kaset ya yi irin nasu?