Wayar da na ƙetara wa Inna Hadiza

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Alhasan tela, daga Tamaske.

Kuran ɗin garinmu, wato wutar lantarki, yau akwai, gobe babu, shi ya sa na kafa sola bisa shagona. Wutar da take ba ni ta fi ƙarfin keken ɗinkina. Maƙwabciyata Inna Hadiza tana da ciwon sukari, kuma allurarta sai cikin firigo, in ta sha zafi ta lalace. Sai na ƙetara mata waya ta kan katanga.

Ranar kasuwa wani ma'aikacin wuta ya tsaya ƙofar shagona, ya ɗaga kai ya ga wayar. Ya ce, "Malam, doka ta hana mutum ya raba wuta ba da izini ba. Ka tsinke ta."

Na ce, "Ni hasken ranar Allah na raba, ba kuran ɗinku ba."

Ƙanena da ke ci-rani a Turai ya gaya mani can har sayen rarar wutar sola ake yi daga hannun mutane. Mu nan kyauta ma laifi ce?

Ban tsinke ba, kuma ba zan tsinke ba. In akwai masanin doka da ke saurare, ya faɗa mani inda ake neman izinin nan, zan je. Kafin nan, duk mai son tsinke wayar ya fara shiga ya gaya wa tsohuwar da bakinsa.

Inna, na san kina ji na, tunda rediyonki ma wayar nan yake sha. Ina gaishe ki.