Malam da Soso da Ƙwan Zabina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajara ce daga Badafi, kuma raina a ɓace yake.

Na sayo ƙwan zabi wurin wata Bafulatana a kasuwar Ƙafin Maiyaki, zan sa a injin ƙyanƙyasar da muka haɗu muka saya da matan unguwa. Na ajiye a ƙwarya na shiga maƙwabta barka. Ina dawowa na tarar da maigidana tsugune gaban randa, da soso da omo, yana dirzar ƙwan.

Na ce, "Malam, me nake gani haka?"

Ya ce, "Kashi ne jikinsu. Tsafta ai cikon addini ce."

Ruwan sanyi ya ja ƙazanta cikin ɓawo, soso ya kankare rigar da Allah ya yi wa ƙwai. Duk suka zama baragurbi, wani ya fashe ya lalata na mutane. Matan sun ce in aka sake, babu ni babu injin.

Yanzu ga sabon ƙwai a ɗaki, na kasa zaune na kasa tsaye. Na karanta cewa da busasshen tsumma ake gogewa, in wankin ya zama dole, ruwan ya fi ƙwan ɗumi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Malam ya ce surutun boko ne.

Don Allah ku gayyato likitan dabbobi ya faɗa masa, ku yake ji. Yana zaure yanzu, rediyo a kunne. Malam, sannu da hutawa, soson na ɓoye.