Yaron da Marigayi Ya Zaɓa

A tashar bas ta Memphis, tsohuwa Odessa ta miƙa wa wani saurayi wayarta.

"Ɗan nan, duba mini. Wasan nan ne na tara 'yan ƙwallon Amurka a waya, mutum ya riƙe su shekara da shekaru. Ƙungiyar mijina ce na gada. Surukina na so in ba shi yaron nan Broussard, ya ba ni Tillman."

"Tillman? Haba Kaka! Mai gudu da ƙwallo in ya kai shekara ashirin da tara ai ya tsufa."

"Ashirin da tara tsufa? To ni gawa ce ke nan!"

Ya yi dariya. "Broussard bai fara haskawa ba, amma baɗi sai shi. Wanda ya zaɓe shi ya hango nesa."

Ta karɓi wayarta.

"A gadon asibiti mijina ya zaɓe shi. Har na ce masa, kai da ba ka da tabbacin baɗi? Ashe ni yake yi wa shuka."

Ta danna a'a ga tayin musayar, ta kwance ƙunshin soyayyiyar kaza.

"Ungo cinya, ba na kwana da bashin alheri. Da surukina na ajiye wa ita. Shi wuya zai ci."