Jirgin da Zai Kai Kwanon Yaji

A shagon jiragen ƙasa na wasa a birnin Bandung na Indonesiya, wani dattijo yana jujjuya dogon kan jirgi irin mai gawayi. Wata mata da ta zo sayayya ta leƙo.

"Baba, wannan ba ya shan kwana. Ina za ka shimfiɗa layin?"

"Kan teburin cin abinci."

"Zai kife. Ɗauki gajeren."

"Gajeren zai ja kwanon yaji?"

"Zuwa ina?"

"Gaban matata. Tun sallah ba ma magana."

"To hannunka ciwo yake?"

"In miƙa mata, ta ce ni na fara saukowa?"

"Ai ranar da ya kife mata a cinya, za ka sha magana."

Dattijon ya dubi mai shago. "Naɗe mini dogon."